Kwaskwarimar Wasannin Kwamfuta: Amfaninta da Iyakarta ga Malami da Ɗalibi



Shugaban taro, shugabannin reshe, iyayenmu tsofaffin malamai waɗanda suka ajiye alli amma ba su ajiye kishin wannan sana'a ba, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata da suka zo daga Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da damar da aka ba mu ta tsayawa a gabanku.

Mai yiwuwa wani ya ji taken wannan jawabi ya ce a ransa, ina ruwan ƙungiyar malamai da wasan yara, alhali ga maganar albashi, ga ƙarin girma da ya makale, ga ajujuwa sun cika sun batse? Wannan tambaya tana bisa hanya. Sai dai muna roƙon a yi mana haƙuri kaɗan, domin wasan da za mu yi magana a kansa ya riga ya shigo gidajenmu ta cikin wayoyin hannu, yana kuma gaya wa 'ya'yanmu yadda ake noma, yadda ake gina gari, har ma da ko wace ce Daurama. Duk abin da yake koyar da ɗalibi bayan an tashi daga makaranta abokin aikinmu ne ko kishiyarmu, ya kamata kuwa mu san da wanne muke zaune.

Ma'anar kalmomin

Daga cikin wasannin kwamfuta, waɗanda yara ke kira gem, akwai wani rukuni da aka gina shi don kwatanta zahiri. A irinsu mutum yakan tuƙa babbar mota ko jirgin sama, ko ya riƙe gona, ko ya shimfiɗa birni da titunansa da harajinsa, ko ya mulki ƙasa tsawon ɗaruruwan shekaru. Kowane irin wannan wasa yana da sassa biyu. Akwai injin wasan, wato ainihin manhajar da kamfani ya rubuta ya kulle, wadda ke zana hoto, tana lissafi, tana tafiyar da lokaci. Akwai kuma dokoki da lambobi da sunaye da hotunan da injin ke karantawa don ya san abin da zai nuna. Kamfanoni da yawa sukan bar wannan sashe na biyu a buɗe. Idan mai wasa ya shiga ya sauya wani abu a ciki, ya ƙara mota, ko ya canza taswira, ko ya gyara suna, wannan ita ce kwaskwarima, wadda samari ke kira mod. Idan kuwa ya rubuta sababbin layuka da ke cewa in kaza ya faru a yi kaza, wannan shi ne rubutun umarni.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dara tana da gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, amma duk wanda ya buga ta a garuruwa biyu ya san cewa kafin a fara sai an daidaita a kan ƙa'ida, domin abin da wata majalisa ta halatta wata ta hana. Yaron da ya fere karan dawa ya ƙera mota, ya sa mata tayoyin tsohon silifa, ya yi mata rubutu a goshi irin na motocin haya, kwatanta zahiri yake yi. Masu tashe a watan azumi sukan ɗauki wasan da suka gada su cusa masa labarin bana. Abin da ya sauya shi ne, a da dokar wasa tana bakin dattawan unguwa, yanzu kuwa tana cikin wani fayil da aka rubuta a wata ƙasa mai nisa, da harshen da ba namu ba.

Daurama a cikin wasan mutanen Suwidin

A watan Satumba na 2020 wani kamfani da ke birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, mai suna Paradox, ya fitar da wasan Crusader Kings III. A cikinsa mai wasa yakan zaɓi wani gidan sarauta ya riƙe shi daga kaka zuwa jika, yana aure, yana ƙulla zumunci, yana yaƙi, har zuwa shekarar 1453. Ɗaya daga cikin shekarun da ake iya farawa ita ce 867, kuma daga cikin sarakunan da wasan ya ɗora a gaba yana kwaɗaitar da mutane su gwada su a wannan shekara, akwai Daurama ta Daura. Haka nan a watan Agusta na 2021 masu wasan Age of Empires III suka ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake iya zaɓa, da Sarauniya Amina ta Zazzau a matsayin jagora. Ke nan akwai matasa a Turai da Amurka da Asiya waɗanda ba su taɓa jin sunan garin nan ba sai ta wannan hanya, sun kuma shafe dare suna faɗaɗa daular Daurama a kan allon kwamfuta.

Akwai abin farin ciki a nan, akwai kuma abin lura. Masu wasan sun zaɓi shekarar 867 ne saboda ta dace da abubuwan da suka faru a Turai, musamman hare-haren mayaƙan arewacin Turai a kan Ingila. Da suka buƙaci mai mulki a ƙasar Hausa a wannan shekara, sai suka ajiye Daurama a wurin, suka ba ta shekarar haihuwa, suka auna mata basirar mulki da ta yaƙi da ta ilimi da lambobi. Mu kuwa mun san cewa labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a ya zo mana ne ta baki da ta rubuce-rubucen da aka yi daga baya, kuma masana tarihi irin su Abdullahi Smith sun daɗe suna muhawara a kan yadda ya kamata a fahimce shi. Kwamfuta ba ta iya aiki da kalmar wataƙila. Dole a ba ta lamba, da zarar an ba ta kuma sai ta nuna lambar da fuskar tabbas. Ɗalibin da ya ga haka ba tare da jagora ba zai iya zuwa aji ya yi wa malamin tarihi gardama da hujjar gem.

To, a nan ne kwaskwarima take shigowa. Dokokin wannan wasa da tarihin mutanen cikinsa an rubuta su ne a fayiloli na rubutu zalla, waɗanda kowace kwamfuta ke iya buɗewa. Mutum zai ga sunan siffa, da alamar daidai, da lamba a gabanta. In ya goge lambar ya rubuta wata, ya sake kunna wasan, sai sarauniyar ta sauya hali. Ranar da ɗalibi ya yi wannan da hannunsa, ya gano wani abu da lacca goma ba za ta dasa masa ba, wato cewa abin da yake gani a allo ra'ayin wani ɗan Adam ne da aka zuba shi cikin lambobi, kuma ra'ayi ana iya bincikarsa, ana iya ƙalubalantarsa. Wannan shi ne jigon maganarmu a yau, duk sauran amfanin da za mu ambata rassa ne daga gare shi.

Amfanin da ke ciki

Amfani na farko shi ne tarbiyyar tunani. Rubutun umarni ba ya karɓar kame-kame. Wanda zai koya wa kwamfuta yadda ciyawa ke tsiro sai ya fara tambayar kansa, kwana nawa take ɗauka, me ke faruwa in ba ruwa, dabba nawa fili zai iya ɗauka. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna NetLogo, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, tana ɗauke da misalai da yawa da aka riga aka gina, cikinsu har da na tumaki da ciyawa da namun dajin da ke cin tumakin. Malamin kimiyya ko na aikin gona zai iya buɗe wannan misali ya ce wa ɗalibai su mayar da shi irin na ƙasarmu, inda damina gajeruwa ce, ruwa yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba, sai rani mai tsawo ya biyo. Ɗalibin da ya rubuta dokar cewa ciyawa ba ta tsiro a watannin rani, sannan ya ga garkensa yana raguwa a allo, zai fahimci dalilin da ya sa ake tara harawa da karan dawa, da dalilin da ya sa makiyaya ke tashi. Idan umarninsa ya ƙi aiki, dole ya bi layi bayan layi ya nemo inda kuskuren yake, kuma wannan haƙuri na bin diddigi shi ne dai abin da muke nema a darasin lissafi.

Amfani na biyu shi ne mallaka. Kamfanonin da ke yin waɗannan wasanni suna kallon kasuwannin da suka fi kawo musu kuɗi, shi ya sa yaronmu yakan tuƙa mota tsakanin biranen Jamus, ya san sunayen 'yan ƙwallon Sifen, amma bai taɓa ganin hanyar Daura zuwa Kano a allo ba. Samarinmu ba su jira kowa ba. A shagunan gem an daɗe ana shiga sashen gyara na wasan ƙwallo na PES ana ƙirƙiro Katsina United da Kano Pillars, da rigunansu da sunayen 'yan wasansu. Masu buga Bus Simulator Indonesia a waya sukan zana wa motocin fentin motocin haya na gida. Waɗannan yara, ba tare da an kira shi darasi ba, sun koyi tsarin fayiloli, da gyaran hoto, da karanta bayani da Turanci don biyan buƙatarsu. Haka kuma, tunda kalmomin da ke fitowa a allo sukan zauna a fayil nasu daban, ajin Hausa zai iya ɗaukar wani ƙaramin wasa ya fassara shi, a yi ta muhawara a kan wace kalma ce ta fi dacewa. Aikin fassara ne na gaske, wanda ɗalibi zai ga sakamakonsa nan take.

Amfani na uku shi ne ƙofar sana'a. Wasan Counter-Strike, wanda ya shahara a duniya, ya fara ne a 1999 a matsayin kwaskwarimar da wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life, daga baya kamfanin Valve ya sayi aikin ya ɗauke su. A wasan noma na Farming Simulator, wasu masu sha'awa ne suka fara rubuta tsarin sauyin yanayi na shekara, wanda ke hana shuka ba a lokacinta ba, sai da mutane suka karɓe shi sannan kamfanin ya sa irinsa a cikin fitowar 2021. Harshen umarni na Lua, wanda wannan wasa da wasu da dama ke amfani da shi, an ƙirƙiro shi ne a 1993 a wata jami'a da ke birnin Riyo na ƙasar Barazil, abin da ke nuna cewa wannan ilimi ba gadon Turai da Amurka kaɗai ba ne. Tun daga 2012 kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a take amfani da wasan Minecraft wajen jin ra'ayin mazauna unguwa kafin a gyara musu fili, an kuma fara gwada hakan a unguwar Kibera ta birnin Nairobi.

Mu a nan muna da dalili na musamman. Garinmu yana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara shi ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Akwai wasan sufuri na kyauta mai suna OpenTTD, wanda ba ya buƙatar babbar kwamfuta, inda ake shimfiɗa dogo, a kafa tashoshi, a jera sigina don kada jirage su yi karo. Yana da sashen da mutum ke zana taswirarsa ya sa wa garuruwa suna. Ɗalibin babbar sakandare da ya zana wannan layi da hannunsa, ya ga yadda jirage biyu ke jiran juna a kan dogo ɗaya, zai shiga ƙofar waccan jami'a da tambayoyi a bakinsa.

Inda iyakar take

Da mun tsaya a nan da mun zama 'yan talla. Iyaka ta farko ita ce injin da kansa. Mai kwaskwarima yana iya sauya abin da aka bar masa a buɗe ne kawai, kamar ɗan haya da aka yarje masa ya yi fenti ya sauya labule, amma ba shi da ikon matsar da tushen gini. Wasan Crusader Kings III ya jera duniya a kan tsani ɗaya, ƙaramar gunduma a ƙarƙashin babba, babba a ƙarƙashin masarauta, masarauta a ƙarƙashin daula, tsarin da aka ɗauko daga Turai ta tsakiyar zamani. Za mu iya rubuta Galadima ko Kaura ko Magajiya a madadin sunayen da aka sa, amma nauyin da ke tattare da waɗannan sarautu, da matsayin masu zaɓen sarki, da kunyar da ke tsakanin gida da gida, ba lallai su sami gurbi a wannan tsani ba. Suna ya zama namu, ƙashin bayan kuwa yana nan na masu shi. Haka wasannin gina birni suke. Will Wright, wanda ya fitar da SimCity a 1989, ya ɗauki tunaninsa daga wani littafi na Jay Forrester na 1969 a kan biranen Amurka. Irin waɗannan wasanni sun ɗauka cewa gidaje daban, shaguna daban, masana'antu daban, ruwa ta famfo, tafiya da mota. Ina gurbin kasuwar da ke ci mako-mako kamar ta Mai'adua, wadda ke jawo dabbobi da fatake daga tsallaken iyaka? Ina gurbin mai ruwa da kurarsa, da amalanken shanu, da matar da ke sana'a a cikin ɗakinta yara na kai mata talla? Masu yin wasan ba da mugunta suka bar waɗannan ba, gwano ne ba ya jin warin jikinsa.

Iyaka ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ba a ganinta. Wasa ba shaida ba ne. Idan ɗalibi ya rubuta cewa buhun taki ɗaya yana ninka amfanin gona, wasan zai nuna masa rumbu cike, ba don haka abin yake a gonar babansa ba, sai don shi ya rubuta hakan. Abin da aka shuka a fayil shi ake girba a allo. Ƙari a kan haka, an yi wasa ne don ya yi daɗi, in gaskiya ta ci karo da daɗi kuwa, gaskiyar ake rage wa tsawo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara SimCity na 2013, Stone Librande, ya faɗa a fili cewa da suka auna yawan filin da wuraren ajiye motoci ke cinyewa a biranen gaske, sai suka rage shi a wasan don kada ya gundiri mutane. Saboda haka kwaskwarima ba ta ƙara wa mutum sanin da ba shi da shi, tana bayyana wanda yake da shi ne kawai. Wanda zai gyara tarihin Daura a wasa sai ya fara sanin tarihin, ya san yadda Malam Isiyaku ya karɓi garin a wajen 1805, yadda tsohon gidan sarauta ya koma Zango da Baure, da yadda aka maido da Malam Musa a 1906. Wannan yana cikin littattafai irin wanda M. G. Smith ya wallafa a kan al'amuran Daura a 1978, yana kuma bakin dattawan fada. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda kwalejin garin nan ke ɗauke da sunansa, ya shafe rayuwarsa yana koya wa ɗalibai su tambayi kowace majiya wa ya rubuta ta, yaushe, kuma don me. Wasan kwamfuta ma majiya ce, waɗannan tambayoyi uku sun hau kansa.

Iyaka ta uku, kayan aro ba ya rufe katara. Wasan na kamfani ne, shi ke da haƙƙin mallaka, shi ke tsara sharuɗɗa. Duk lokacin da aka sabunta wasa, kwaskwarimar da aka yi wa tsohon takan lalace, aikin wata uku ya ƙi tashi da safe ɗaya. Da kamfanin Konami ya sauya PES zuwa eFootball a 2021, sabon wasan ya fito ba tare da yalwar gyaran da mutane suka saba da ita ba. A 2015 an gwada sayar da kwaskwarimar wasan Skyrim da kuɗi, rigimar da ta biyo baya ta sa aka janye cikin 'yan kwanaki. Ko fassarar da muka ambata tana da tata ƙaya, domin wasanni da yawa ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai a rubuta ɓ ko ɗ ko ƙ a ga akwati ya fito a gurbinsu. Malamin da ya ɗora darasin zangon karatu gaba ɗaya a kan wasan da ba shi da iko da shi ya gina ɗaki a filin wani.

Iyaka ta huɗu ita ce tsaro da tarbiyya. Rubutun umarni manhaja ce, wanda ya sauke ta daga inda bai sani ba ya buɗe wa baƙo ƙofar ɗakinsa. A watan Yuni na 2023 an gano wata muguwar manhaja mai satar kalmomin sirri da aka cusa cikin kwaskwarimar Minecraft a manyan shafukan da mutane suka amince da su. In haka ta faru a can, ina ga wasannin da aka fasa ake turawa daga waya zuwa waya, a kan wayar da uba ke ajiye kuɗinsa na banki? Sannan shi kansa Crusader Kings III yana ƙunshe da makirci da kisa da neman mata, ba wasan ƙananan yara ba ne, mun kawo shi ne misali ga malamai, ba mu ce a kai shi aji yadda yake ba. Ga kuma cin lokaci, wanda kowane uba da ke nan ya san shi.

Iyaka ta biyar ita ce wadda muke kwana muke tashi da ita. Makarantu nawa ne a wannan masarauta ke da kwamfutocin da ke aiki, da wutar da za ta kunna su, da ɗakin da ba ya yoyo? Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, amma har yau mukan sami ɗalibin da ranar jarrabawar ce ranarsa ta farko ta zama a gaban na'urar. Shagon gem wurin samari ne, 'yan mata ba sa shiga. Idan muka bar wannan ilimi a shago, zai zama rabon ɗan birni namiji wanda gidansu ke da hali, 'yar ƙauye kuwa a bar ta a baya, mu da kanmu mun ƙara faɗin ramin da aka ɗauke mu aiki don mu cike.

Abin da ya rataya a wuyanmu

A matakin aji, shawararmu ita ce a fara daga ƙasa, kafin a taɓa na'ura. A sa yara su rubuta dokokin dara ko na langa ɗaya bayan ɗaya, su sauya doka guda, su buga, su faɗi abin da sauyin ya haifar. Wannan ba ya buƙatar wuta ko data, kuma shi ne ainihin tunanin da rubutun umarni ke nema. Inda akwai kwamfuta ko da ɗaya ce, a zaɓi kayan aiki na kyauta waɗanda ke aiki ba tare da intanet ba, kuma ba wanda zai kulle su gobe: Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara, inda ake jera umarni kamar tubali, da NetLogo, da OpenTTD, da Luanti, wanda a da ake kira Minetest, mai kama da Minecraft, wanda ake yi wa kwaskwarima da Lua. Malami shi zai sauke, daga shafin masu abin, shi zai raba wa ɗalibai. Sannan a kafa ƙa'ida guda wadda ba a ɗaga ƙafa a kanta: duk lambar da ɗalibi ya sa a wasa sai ya faɗi inda ya samo ta, ko daga littafi, ko daga manomi, ko daga awon da ya yi da kansa. A ƙarshen kowane aiki kuma ya rubuta abubuwa uku da wasan ya kasa nunawa. Wannan takarda ita ce ta fi cancantar maki.

A matakin ƙungiya, muna ganin akwai abubuwan da ya dace reshe ya sa a gaba idan ya zauna da hukumomin ilimi. Duk lokacin da za a kawo na'urori makaranta, a fara da horar da malami, a cikin lokacin aiki, kuma a lissafa horon cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. A haɗa na'ura da wutar sola da kuɗin gyara, don kada ta zama kayan ado a ofishin shugaban makaranta. A ware wa makarantun 'yan mata da na karkara kasonsu tun farko. Kuma a sa malaman aji cikin masu tantance duk wata manhaja da za a saya da sunan ɗalibanmu, domin mun sha ganin kaya masu sheƙi da ba su san manhajar karatunmu ba. A tsakaninmu kuma, malamin kwamfuta da na tarihi da na Hausa da na aikin gona su zauna tare, tunda ɗaya ya san yadda ake buɗe fayil, sauran sun san abin da ya kamata a rubuta a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan'uwa malamai, wannan ƙungiya tun 1931 take tsaye a kan cewa babu wani kayan aiki da zai maye gurbin malami mai horo da mutunci. Allo da alli sun zo, rediyo ta zo, talabijin ta zo, kowanne an ce zai sauya komai, kowanne kuma amfaninsa ya tsaya daidai inda sanin mai riƙe da shi ya tsaya. Wasannin nan ma haka za su kasance. Wasu sun riga mu rubuta Daurama a cikin na'urarsu, sun yi iyakar abin da suka sani. Ya rage namu mu yaye ɗaliban da za su iya buɗe wannan rubutu su karanta, su gyara abin da ke gyaruwa da hujja, su kuma gane inda na'ura ta gaza sai an koma ga littafi da gona da dattijo.